Abujar Da Ke Cikin Littafin Bature Ba Ita Ce Ta Yanzu Ba

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, babu abin da suka sa a gaba kamar sanin ƙasar da suka kama, don ba a karɓar haraji a garin da ba a san sunan sa ba. Di'o kan hau doki ya zaga gunduma da tafinta da masinja, yana tambayar dagatai yana rubutawa. Daga irin waɗannan rahotanni aka tattara littattafan nan na bayanin larduna da suka kira Gazetteer. E. J. Arnett ya yi na Sakkwato da na Zariya a 1920, W. F. Gowers ya yi na Kano a 1921, H. R. Palmer kuma ya yi na Barno a 1929. A 1972 kamfanin Frank Cass na Landan ya sake buga su a juzu'i huɗu, tare da gabatarwar A. H. M. Kirk-Greene.

To, mai karatu, duk wanda ya buɗe su yana neman sunan garin su, sai ya yi haƙuri. Bature da kunnen sa ya rubuta, kunnen kuwa na Ingila ne. A takardun wancan zamani Gwandu ita ce Gando, Misau ita ce Messau, Jama'are kuwa Jemaari, Haɗeja kuma Hadeija. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka shigo rubutun boko, saboda haka Ƙaraye da Ɗambatta duk a miƙe za ka gan su. Dabarar ita ce ka furta sunan da ƙarfi, ka yi ta juya shi a baki har ya faɗo kan wanda ka sani.

Wannan ma mai sauƙi ne. Babban tarkon shi ne sunan da ya tashi daga wani wuri ya sauka a wani. In ka ga Abuja a littafin 1920, kada ka kai zuciyar ka Dutsen Aso. Ana nufin garin da Haɓen Zazzau suka kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da su daga Zariya, wanda ya ci sunan sarkin sa Abu Ja. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai aka ɗauki sunan aka ba shi, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Haka Katagum: wani lokaci tsohon garin ake nufi, wani lokaci masarautar, wadda fadar ta ke Azare. Sarkin Gwandu a Birnin Kabi ya ke zaune, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Kai ka ce da gangan aka shirya don a rikita ɗalibi!

Iyakoki ma sun motsa. Mai neman Katsina ko Katagum, a littafin Gowers zai same su, domin a 1921 duk a Lardin Kano su ke. Sai a 1926 aka mayar da Katagum Lardin Bauci, Katsina kuma ta samu lardin kan ta a 1934.

Ni a gani na, marubutan mu masu son ƙaga labarin zamanin da, da masu shirya finafinan sarauta, su ne suka fi kowa bukatar waɗannan littattafai. Amma fa kada a hau su a zauna, musamman wajen ma'anar suna, don abin da tafinta ya faɗa shi Bature ya rubuta. Ƙananan ƙauyuka kuwa, masu farawa da Gidan wane ko Tungar wane ko Rugar wane, galibi ba su samu shiga ba. Su sai a rahotannin haraji da ke ajiye a gidan adana takardun tarihi na Kaduna, in ma sunan bai canza ba tun ranar da mai gidan ya rasu.