Almakashin Dattijon Maskara

Duk daren Alhamis nakan gabatar da shirin manoma a gidan rediyon da nake aiki a Damagaram. Wata rana muna tattauna faɗuwar farashin albasa, sai wani manomi ya bugo waya ya ce, "Malam, don Allah me ya sa kullum mu ke da wahala, mai saye ke da yanka farashi?" Lokaci ya ƙure ban ba shi amsar kirki ba. Amma tambayarsa ta bi ni har gida, ta tuna mini da wani dattijo da na taɓa zama da shi a ƙasar Aljeriya.

Horon 'yan jarida ne ya kai ni birnin Oran. Ranar hutu wani abokin aiki ya ɗauke ni zuwa ƙauyensu kusa da Maskara, garin da tarihi ya san shi da Sarki Abdulƙadir wanda ya yaƙi Faransawa. A hanya na yi ta ganin wasu manyan gine-gine marasa tagogin kirki, rufinsu ya rufta. Na tambaya, aka ce ai rumbunan giyar inabi ne na zamanin Turawa. Na yi mamaki: giya, a ƙasar Musulmi?

Kakan abokin nawa ne ya warware mini. Ya haura shekara 80, kuma a irin wannan gona ya tashi. Ya sa aka ɗauko masa wani tsohon almakashi na datse reshe, ya ɗora a tafin hannuna ya ce, "Ɗana, wannan na mahaifina ne. Da shi ya ciyar da mu."

Gonar ta iyalin wani Bafaranshe ce. Gidan maigida yana tsakiya, da rufin jan bulo, rumbun giya na gefe, bukkokin ma'aikata kuma can baya. Aiki ba ya yankewa duk shekara. Da sanyin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ake datse rassa. Nan ne gwaninta take, domin wanda ya bar ido da yawa a reshe zai sami 'ya'ya barjat marasa zaƙi, wanda ya zarce da yanka kuma ya kashe amfanin shekara. Da bazara sai huɗa, da feshin farar wuta da wani shuɗin magani don kare ganye daga cuta. Ya ce mahaifinsa kan dawo gida hannu da riga duk sun rine.

Ƙarshen Agusta zuwa Satumba ake girbi. A lokacin kowa na gona: mata da yara suna tsinka, maza na ɗaukar kwanduna zuwa amalanke, ga 'yan ci-rani daga tsaunukan Rif na Maroko. Matar maigida na riƙe da littafin lissafi, ɗansa na tsaye bakin ma'auni. A matse inabin, a zuba cikin manyan kwatamai na siminti, ya yi kwanaki yana tafasa da kansa. Maigida kaɗai ke ɗanɗanawa ya ce ya yi ko bai yi ba. Na ce, "Baba, ku fa?" Ya yi dariya ya ce, "Mu inabin muke ci a ɓoye. Mahaifina ya san hukuncin abin da yake taya matsewa, yakan yi istigfari. Amma ƙasar da kakansa ya noma alkama a kanta ita ce aka dasa wa inabi. Ina za shi?"

Yadda aka yi inabi ya mamaye ƙasar, daga wani ɗan mitsitsin ƙwaro ya faro. Ana kiransa filoksera. Daga Amurka ya shiga Turai, aka fara ganin ɓarnarsa a kudancin Faransa cikin shekarun 1860. Saiwa yake ci, sai kurangar ta bushe a tsaye. Kafin a gano maganin, wato a yi wa inabin Turai aure da gindin inabin Amurka kamar yadda muke yi wa mangwaro, gonakin Faransa sun lalace ƙwarai. Sai ido ya koma kan Aljeriya, wadda Faransa ta mamaye tun 1830. Ƙasa kuwa ta samu a saukake: an ƙwace filaye masu yawa bayan boren Muƙrani na 1871, sannan dokar Warnier ta 1873 ta rarraba gonakin gandu na dangi yadda za su sayu ga Turawa. Bankuna suka ba da rance, manoman da ƙwaro ya karya a Faransa suka tsallako teku.

Wajen 1880 gonakin inabin Aljeriya ba su kai hekta 30,000 ba. Zuwa shekarun 1930 sun doshi hekta 400,000, har ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da giyar inabi. Kusan duk Faransa ake kai ta. Daga tashar Oran jiragen ruwa ke kwasa zuwa Sète da Marseille, a gauraya ta da giyar kudancin Faransa mai rauni don ta yi ƙarfi da launi, a sayar ba tare da mai sha ya san inda ta fito ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Da aka sami 'yanci a 1962, Turawa kusan miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Dattijon ya ce iyalin maigidansu da akwatuna kawai suka tafi, suka bar giya cike da rumbu. A 1963 gwamnatin Ben Bella ta mayar da gonakin hannun hukuma, kwamitocin ma'aikata suka riƙa tafiyar da su. Mahaifinsa ya zama ɗan kwamiti. Ga ƙasa, ga gwaninta, sai dai babu kasuwa: mutanen gida ba su ne masu sha ba, Faransa kuma ta yi ta rage saye don kare manomanta. Tarayyar Sobiyet ta karɓi wani kaso a farashi mai rahusa. Bayan Shugaba Boumédiène ya ƙwace ragamar man fetur daga kamfanonin Faransa a Fabrairun 1971, dangantaka ta ƙara tsami, aka shiga tumɓuke kurangar inabi hekta dubbai a shuka hatsi. Inabi yana cin hannu da yawa fiye da alkama, don haka aiki ya ragu, samari suka nufi birane da Faransa. Har yau ana yin giya a tuddan Maskara da Tilimsan, amma kaɗan ce in aka kwatanta da da.

Ina sauraronsa ina tuna gyaɗar ƙasarmu. Iyayenmu a Magarya da Matamaye da Maraɗi sun noma ta don matatun man Faransa, kamfanin SONARA yana saye bayan 'yanci. Da aka janye tallafin farashi a ƙarshen shekarun 1960, fari da cuta suka biyo baya, sai harkar ta durƙushe. Mu dai Allah ya taimake mu, gyaɗa tana ciwuwa, a yi ƙuli-ƙuli a yi mai. Su kuwa abin da aka bar musu ba ya shiga tukunya.

Mako na gaba na buɗe shirin da wannan labari, na ce wa mai tambayar: duk amfanin gonar da ba mu iya ajiyewa, ba mu iya sarrafawa, kuma ƙofa ɗaya yake fita, mai saye ne zai ci gaba da yanka masa farashi. Daga nan muka shafe sauran lokacin kan rumbun ajiyar albasa da ƙungiyoyin manoma.

Almakashin kuwa, da na miƙa masa zan tafi, dattijon ya shafa masa mai ya naɗe a tsumma. Ya ce har yanzu da shi yake gyara kurangar inabi guda biyu da ke tsakar gidansa, waɗanda jikokinsa ke tsinka su ci.