Tarihin Rigakafin Sankarar Bakin Mahaifa

Sankarar bakin mahaifa ta daɗe tana kashe mata kafin a gano musabbabinta. A shekarar 1842 wani likita a birnin Verona na Italiya, Rigoni-Stern, ya bi rajistar mamata, ya lura cewa sankarar mahaifa ta fi kama matan aure da waɗanda mazansu suka rasu, da wuya a same ta ga matan coci da ba sa aure. Daga nan aka fara zargin cewa cutar na da nasaba da saduwa, amma aka shafe fiye da shekaru ɗari ba a gano mece ce nasabar ba.

A shekarun 1970, lokacin da yawancin masu bincike ke ɗora laifin kan ƙwayar herpes, wani Bajamushe, Harald zur Hausen, ya kafe cewa ƙwayar HPV ce. A 1983 shi da abokan aikinsa suka gano nau'i na 16 a jikin tsokar masu sankarar, a 1984 kuma nau'i na 18. Waɗannan biyun ne ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na cutar. An ba shi lambar yabo ta Nobel a 2008.

Haɗa rigakafin ya yi wuya, domin ƙwayar ba ta yaɗuwa da sauƙi a ɗakin gwaji. A 1991 Ian Frazer da Jian Zhou na Jami'ar Queensland a Ostareliya suka samar da ɓawon ƙwayar kaɗai, kamar kwasfar gyaɗa da babu ƙwaya a ciki: garkuwar jiki ta gan shi ta ɗaura ɗamara, shi kuwa ba ya iya sa cuta. Wasu masu bincike a Amurka ma sun taka rawa a wannan fanni. Zhou ya rasu a 1999, bai ga amfanin aikinsa ba.

Amurka ta amince da allurar Gardasil a 2006, Cervarix kuma ta biyo baya a wasu ƙasashe a 2007. A shekarar ce Ostareliya ta fara yi wa 'yan mata kyauta a makarantu, ta haɗa da yara maza a 2013, tunda ƙwayar na jawo sankarar maƙogwaro da ta dubura. Ana yin allurar da ƙuruciya ne saboda ba ta warkar da wadda ta riga ta kamu.

Abin takaici, ƙasashen da cutar ta fi yi wa ɓarna su ne suka samu a makare, saboda tsada: allura uku ake yi a farko, kowace sama da dala 100. Ruwanda ce ta fara a Afirka a 2011. Ƙungiyar tallafa wa rigakafi ta Gavi ta sauko da farashin zuwa dala 4.50 a 2013, sannan a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa allura ɗaya ta wadatar.

Najeriya, inda cutar ke kashe mata kusan 8,000 a shekara, ta fara a Oktoban 2023 ga 'yan mata masu shekaru 9 zuwa 14. Kano, Jigawa, Bauchi da Kebbi na cikin rukunin farko, sauran jihohi suka shiga a 2024. Jita-jitar hana haihuwa, wadda ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, ta sake ɗagowa, don haka aka nemi bakin sarakuna da malamai. Matan da suka wuce shekarun allurar kuwa, gwaji ne kariyarsu, kuma burin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne a gwada kashi 70 cikin ɗari na mata kafin 2030.