Lissafin Zirga-zirgar Manyan Motocin Kaya: Tarihinsa daga Mararrabar Zariya

Lissafin zirga-zirgar kaya fanni ne da ke neman sanin tan nawa ke tashi daga wannan gari zuwa wancan, ta wace hanya, da abin da zai sauya idan an gina sabon titi ko man dizal ya yi tsada. Masu aikin kan raba ƙasa shiyya-shiyya, su zana jadawali wanda kowane gida a cikinsa ke nuna kayan da aka yi lodinsu a wata shiyya aka sauke a wata. Idan aka ɗauki jihohin Nijeriya 36 da Abuja, gidajen jadawalin 1,369 ne. Tarihin fannin a Arewa kusan duk ya tafi ne a kan neman abin da za a cike gidajen nan da shi.

Zariya wuri ne mai kyau na duba lamarin, domin hanyoyi huɗu ne suka haɗu a cikinta: ta Kaduna, ta Kano, ta Funtuwa zuwa Gusau da Sakkwato, da ta Pambeguwa zuwa Jos. Kafin kwalta, layin dogo ne ya ba ta wannan matsayi. Jirgin ƙasa ya isa Kano ta Zariya a 1911, aka ja ƙaramin layi zuwa ma'adinan kuza na Jos wanda ya yi aiki har 1957, sannan reshen Gusau ya kai Kauran Namoda a 1929. A gefen tashar Sabon Gari ya girma, Tudun Wada kuma ta zauna tsakaninsa da birni, mazaunin baƙi 'yan Arewa.

A wancan zamani masanin sufuri bai sha wahalar neman adadi ba. Duk buhun gyaɗa da duk dilar auduga da ta shiga tarago sai an auna ta, an rubuta tashar da ta hau da wadda za ta sauka, domin da nauyi da nisa ake yanka kuɗi. Littattafan reluwe su ne jadawalin kansa. A 1964 jirgin ƙasa ya ɗauki kusan tan miliyan 3, kuma kowane tan yana da takarda.

Dabarun lissafin kuwa daga waje suka zo. Mafi daɗewa cikinsu an aro ta ne daga ka'idar Newton ta janyowa: kayan da ke tsakanin gari biyu na ƙaruwa da girman garuruwan, yana raguwa da nisan da ke tsakaninsu. William Reilly ya gwada ta a kan cinikin kantuna a Amurka a 1931, George Zipf ya gwada ta a 1946, Jan Tinbergen ya kai ta cinikin ƙasa da ƙasa a 1962, Alan Wilson kuma ya kafa mata tushen lissafi mai ƙarfi a Ingila a 1967. A wani ɓangaren, Wassily Leontief ya fito da jadawalin da ke nuna abin da kowace masana'anta ke saya daga 'yar'uwarta, Walter Isard ya faɗaɗa shi zuwa yankuna a 1951. Da shi ne ake iya cewa idan masaƙa ta buɗe ko ta rufe, tan kaza na auduga zai motsa ko ya tsaya. Edward Ullman ya ƙara sharaɗin da kowane ɗan kasuwar hatsi ya sani: girman gari kaɗai ba ya motsa kaya, sai wani na da rarar abin da wani ke nema, ba a samunsa kusa, kuma kuɗin mota bai cinye riba ba.

Nijeriya ba ta tsaya a matsayin mai karɓa kawai ba. Maƙalar da Taaffe da Morrill da Gould suka wallafa a 1963, wadda har yau ake koyar da ita a sassan labarin ƙasa, an gina ta ne a kan tarihin hanyoyin Gana da Nijeriya: tashoshin ruwa da yawa, sai ɗaya ko biyu su yi fice, layi ya kutsa cikin ƙasa, ƙananan hanyoyi su riƙa ciyar da shi, daga baya manyan garuruwa su haɗu da juna. Sai dai hoton ya fara ne daga bakin teku, ya bar fataken goro da ayarin Sahara da suka raya Kano da Katsina tun kafin a san Ikko. Aikin da ya fi kusa da zuciyar fannin shi ne na Alan Hay da Robert Smith, wanda ya fito a 1970, ya bi sawun kayan da suka ratsa tsakanin yankunan ƙasar a 1964 da kuɗin da suka koma a madadinsu. Ya nuna muhimmancin cinikin cikin gida, shanu su gangara Kudu, goro ya hauro Arewa, a lokacin da hankalin hukuma ke kan abin da ake fitarwa waje.

Daga shekarun 1970 kuɗin man fetur ya shimfiɗa tituna, reluwe ya durƙushe, kaya ya koma bayan tirela da gingimari. A nan fannin ya yi babbar asara, domin mota ba ta ajiye littafi. Mai kaya ya samu ɗan kamasho a tasha, a yi ciniki da baki, a yi lodi, direba da yaran mota su kama hanya. Ko an rubuta takardar kaya, tana ƙarewa ne a aljihu. Amurka ta magance irin wannan gibi da binciken kamfanoni na ƙasa baki ɗaya, wanda aka fara a 1993 ake kuma maimaitawa. A Nijeriya kuwa sai aka dogara da hanyoyi biyu. Ta farko ƙirgen motoci: a zaunar da ma'aikata a bakin titi da takarda da biro, su riƙa jan layi. Ta biyu tsayar da direba a tambaye shi daga ina, zuwa ina, me ya ɗauko. Duk wanda ya yi aikin ya san rauninsa. Direban da ya ga rigar hukuma yakan rage nauyin da ya faɗa, wani ya ambaci garin da ya kwana a maimakon inda ya yi lodi, kuma yawancin manyan motoci da dare suke tafiya, lokacin da masu ƙirge suka tashi. Dabarar Van Zuylen da Willumsen ta 1980, ta ƙiyasta jadawali daga ƙirgen motoci kaɗai, ta samu karɓuwa saboda arha, amma jadawalai masu yawa na iya dacewa da ƙirge guda.

A cikin wannan yanayi aka kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Nijeriya, NITT, a Zariya a 1986, domin horar da ma'aikatan sufuri da yin bincike. Ita da sassan labarin ƙasa da tsara birane da injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello ne suka sa garin ya zama ɗaya daga cibiyoyin fannin.

Garin da kansa yana koya wa ɗalibi inda lissafin littafi ke tuntuɓe. Mai tsayawa a mararrabar Kwangila zai ga tankoki da tireloli ba iyaka, amma kaɗan ne daga cikinsu ke da harka da Zariya. Wucewa suke yi. Wanda ya auna tattalin arzikin garin da yawan motocin zai zuzuta shi, wanda kuma ya tsara titi bisa yawan mutanen garin zai gina abin da ba zai ɗauka ba. Kayan da ke shiga kasuwar Tudun Wada ma sau da yawa ba tirela ce ke kai shi ƙofar shago ba. A wani wuri take saukewa, a-kori-kura da amalanke su ƙarasa, kuma wannan zangon ƙarshe ba ya cika fitowa a jadawali.

Sai batun komawa. Tirelar da ta hauro da kayan kanti ko taki tana iya gangarawa da masara, wake, albasa ko shanu, shi ya sa kuɗin lodi na zuwa da na dawowa ba ɗaya ba ne. Tankar mai kuwa wayam take komawa. Lissafin da ya mayar da tan zuwa yawan motoci ba tare da raba waɗannan ba ya ɓata tun daga tushe. Nisa ma ba kilomita ba ce a wurin mai mota. Abin da yake ƙirgawa shi ne dizal, ramuka, shingaye da abin da ake bari a kowanne, harajin jihohi da ƙananan hukumomi, da hanyar da ba a bi bayan magariba saboda 'yan bindiga. Ga kaka da rani da layya, kowanne da nasa kaya. Girman garuruwan da ake sakawa a lissafi kuma daga ƙidayar 2006 ake hasashensa.

Wasu al'amura sun zama gwaji ga masana ba tare da an shirya su ba. Rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya nuna yadda kasuwannin Dawanau da Jibiya da Maraɗi ke rataye da juna, da yadda kaya ke sauya hanya maimakon ya tsaya. Yajin kai abinci da shanu Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021 ya nuna cikin 'yan kwanaki, ta farashin tumatir da albasa a ɓangarorin biyu, girman abin da ba a taɓa aunawa sosai ba.

Injiniyoyi na da nasu dalilin matsa wa ƙirgen. Gwajin tituna da aka yi a Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi guda ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta na ninkawa kusan sau 16. Don haka kuskure kaɗan a ƙiyasin lodi na iya rage shekarun titi da yawa, kuma inda sikelin awon mota ba ya aiki, ƙiyasi kawai ake yi.

A 'yan shekarun nan na'urar bin sawu da manyan kamfanonin siminti da na mai ke maƙala wa motocinsu ta dawo da wani abu mai kama da littafin reluwe, sai dai bayanan mallakar kamfani ne, kuma ba su shafi mai mota ɗaya ko biyu ba, wanda shi ke ɗaukar yawancin amfanin gona. Tashoshin kwantena na tudu, ta Kaduna da aka buɗe a 2018, ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024, tare da layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake ginawa, duk an kafa su ne bisa hasashen yawan kayan da zai bar mota ya koma jirgi. Aikin da ke gaban masu fannin yanzu shi ne haɗa bayanan kwastan, na ƙungiyoyin masu motoci da direbobi, da na kasuwannin hatsi da kara, a jadawali guda da za a riƙa sabuntawa.