Sarkin Yaƙi da Dakarunsa: Tarihin Ƙanjamau da Garkuwar Jiki

A shekarar 1987 aka tabbatar da ɓullar ƙanjamau a Nijar. A wancan zamani, mutumin Madarumfa da ya kamu, ko a gida ko a wajen cin rani ta hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina, yakan shekara da shekaru garau kafin ciwo ya kayar da shi. Dalilin wannan jinkiri yana cikin jininsa.

Tun 1981 likitoci a Amurka suka lura cewa ƙwayoyin garkuwa da ake kira CD4 suna ƙarewa a jikin majinyata. Su ne tamkar sarkin yaƙi, masu ba da umarni, kuma a 1984 aka gano cewa ta ƙofarsu ƙwayar cutar take shiga. Dakarun su ne CD8, masu kashe duk ƙwayar jikin da ta harbu. A 1997 bincike ya nuna cewa inda CD4 suka tsaya da ƙarfi, cutar kan lafa. A 2006 kuma aka bayyana yadda dogon yaƙi yake gajiyar da CD8 har su kasa. Idan CD4 suka gaza 200 a ma'aunin jini, tarin fuka da sauran cututtuka sai su samu ƙofa.

Nijar ta fara shirin raba maganin rage kaifin cutar a 2004. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara magani da zarar gwaji ya tabbata, tun sarkin yaƙi bai faɗi ba.