Kalori da jul: tarihin ma'aunan zafi da matsalar sunayensu a Hausa

A kasuwar Illela ana sayar da icce da dami, gawayi da buhu. Abin ƙonawa ake aunawa, ba zafin da zai bayar ba. Awon zafin kansa ta hanyar boko da masana'antu ya shigo ƙasar Adar, kamar masana'antar siminti ta Malbaza da ta fara aiki a shekarun 1960, inda ake gasa dutse har wajen digiri 1450.

Kalmar "kalori" ta fito daga Latin calor, wato zafi. Nicolas Clément ya yi amfani da ita a darussansa na Paris wajen 1824, da ma'anar zafin da ke ƙara wa kilo 1 na ruwa digiri 1. Daga baya aka ba da sunan nan ga awon giram 1 na ruwa. Sai kalori ta zama biyu, babba da ƙarama, tsakaninsu ninki 1000. Babbar ce ake rubutawa a kan kayan abinci.

"Jul" kuwa sunan mutum ne, James Prescott Joule (1818-1889) na Ingila, wanda ya nuna cewa aikin motsi yana juyewa ya zama zafi bisa ƙayyadadden lissafi. A 1948 babban taron ma'aunai na duniya ya tsayar da jul a matsayin ma'aunin zafi. Ƙaramar kalori 1 ta yi jul 4,18.

Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Daga "zafi" ana samun "zafafa" da "zazzafa", irin tsirar da Parsons ya bayyana a 1955; ga kuma ɗumi da ƙuna. Sai dai "zafi" guda ke ɗaukar abin da Faransanci ya raba biyu, température da chaleur. Tukunya da kasko suna tafasa a mataki ɗaya, amma tukunyar ta fi cin icce, domin ruwanta ya fi yawa.

Saboda haka muna ganin ya kamata littattafan makarantunmu su ce "matakin zafi" ga abin da digiri ke aunawa, "adadin zafi" ga abin da jul ke aunawa. In ba a raba su ba, ɗalibi zai haddace lissafi bai san abin da ya auna ba.