Tarihin Safar Hannu ta Aiki: Daga Allurar Saƙa Zuwa Injin Wakayama

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin buga bulo ko wurin sauke kaya a Maradi, Yamai ko Kano, ya ga lebura sanye da safar hannu ta zare wadda aka shafe tafinta da roba. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma da zarar ta huje sai a yar da ita a sayi wata. Duk da wannan araha, an shafe kusan shekara 400 ana kai-komo kafin a samu injin da zai saƙa ta ba tare da ɗinki ba. Wannan maƙala za ta bi sawun wannan tarihi. Matsalar da masu ƙira suka yi ta fama da ita guda ɗaya ce: hannu yana bukatar kariya daga yanka da gogayya da ƙuna, kuma yana bukatar ya ji abin da ya riƙe. Safa mai kauri tana tsare fata amma tana dakushe ji, mai shara-shara kuwa tana barin ji amma ba ta hana rauni.

Saƙa Iri Biyu

Ya kamata ɗalibi ya lura cewa kalmar "saƙa" a Hausa ta ƙunshi sana'o'i biyu da suka sha bamban. Akwai saƙar masaƙi, inda zaren tsaye da zaren kwance suke ratsa juna, kamar yadda ake yin gwado da luru. Akwai kuma saƙar allura, dangin wadda mata suke yi wa jarirai hula da safa, inda zare guda ɗaya yake yin ƙawanya, kowace ƙawanya ta sarƙe da wadda ta gabace ta. Tufar masaƙi ba ta miƙewa sosai, saboda haka sai an yanka ta an ɗinka kafin ta bi siffar jiki. Saƙar allura kuwa tana miƙewa ta koma, domin ƙawanyoyin suna buɗewa suna tsukewa. Wannan hali shi ya sa ta dace da hannu, gaɓar da ke da ƙasusuwa 27 kuma ba ta daina motsi.

Daga cikin tsofaffin kayan saƙar allura da aka gano akwai safunan ƙafa na auduga daga Masar, waɗanda aka yi tsakanin ƙarni na 11 da na 14. Sana'ar ta bunƙasa a Andalus, daga nan ta bazu a Turai. A can, safar hannu ta siliki da aka saƙa ta zama kayan ado na manyan limaman coci da masu sarauta. Ma'aikaci kuwa, in ya samu abin sawa, na fata ne mai tauri.

Injin William Lee da Tarzomar Masaƙa

A shekarar 1589 wani malamin coci mai suna William Lee, a ƙauyen Calverton kusa da Nottingham a Ingila, ya ƙera injin saƙar safar ƙafa. Mai saƙar hannu yana yin ƙawanya ɗaya bayan ɗaya, injin Lee kuwa yana da jerin allurai masu ƙugiya da ke fitar da layi guda cur a lokaci ɗaya. Ana ruwaito cewa Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya ta hana shi takardar mallakar fasaharsa, saboda tsoron kada talakawa masu saƙar hannu su rasa abinci. Lee ya ƙaura zuwa birnin Rouen na Faransa, kuma bai ci moriyar aikinsa ba har ya rasu. Bayansa aka mayar da injinan Ingila, yankunan Nottingham da Leicester suka zama cibiyar wannan sana'a.

Rikicin da aka ji wa tsoro ya zo ne bayan fiye da shekara 200. A 1811 masaƙan Nottingham, waɗanda aka sani da Luddite, suka shiga farfasa injinan iyayen gidansu, saboda an karya musu lada ana kuma fitar da kaya marasa inganci. A 1812 majalisar Ingila ta mayar da fasa injin saƙa laifin kisa, ko da yake mawaƙi Lord Byron ya tashi a majalisar dattawa ya soki dokar.

Gyare-gyare biyu suka biyo baya a ƙarni na 19. A ƙarshen shekarun 1840 Matthew Townsend na Leicester ya fito da allura mai ɗan marfi da ke buɗewa ya rufe da kansa, abin da ya ƙara wa inji sauri. A 1863 Isaac Lamb na Amurka ya ƙera inji mai jeri biyu na allurai da ke fuskantar juna, wanda zai iya saƙa abu mai rami a ciki kamar bututu. Da yake yatsa ɗan bututu ne, tafin hannu kuma babban bututu, sai hanyar saƙa safar hannu da inji ta buɗe. Sai dai aikin bai kammala ba: mutum ne zai riƙa juya injin, ya haɗa yatsun da tafi, sannan ya ɗinke bakin kowane yatsa da hannu.

Wakayama: Yadda Aka Rabu da Ɗinki

A Japan ana kiran farar safar aiki ta auduga "gunte", ma'ana safar soja, domin a wurin sojoji ta fara yaɗuwa kafin ta shiga masana'antu. A birnin Wakayama aka haifi Masahiro Shima a 1937. Ya tashi maraya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya fara aiki tun yana yaro a shagon gyaran injinan saƙa. Tun bai kai shekara 20 ba ya lura da wani haɗari: idan inji mai juyawa ya kama safar da ta ɗame wuyan hannu, sai ya ja hannun gaba ɗaya. Garin neman gira sai a rasa ido. Maganin da ya kawo shi ne saka zaren roba a wuyan safar, yadda za ta zauna daram a lokacin aiki amma ta zame da sauƙi idan an fizge ta.

A 1962 ya kafa kamfanin Shima Seiki, kuma a ƙarshen 1964, bashi ya yi wa kamfanin katutu, ya kammala injin saƙa safar hannu mai sarrafa kansa. A 1970 kamfanin ya fito da injin da ke saƙa safar ba ɗinki ko ɗaya. Injin yana farawa daga kan ƙaramin yatsa, ya saƙa yatsu huɗu bi da bi, ya haɗe su a saman tafi, ya ƙara babban yatsa, ya gangara zuwa wuyan hannu, sai safar ta faɗo a shirye.

Rashin ɗinki ya amfani ma'aikaci ta fuska biyu. Na farko, ɗinki shi ne wurin da ke gurzar fata ya jawo bororo, kuma a kan yatsa yake zama, daidai inda ake bukatar ji. Na biyu, mutum ɗaya zai iya kula da injina masu yawa, farashi ya faɗi har safar ta kai ga ƙaramin lebura. Wannan dabara ce kamfanin ya faɗaɗa a 1995, lokacin da ya nuna injin saƙa riga sukutum ba ɗinki a baje kolin Milan.

Sabon Zare da Shafen Roba

Auduga tana shan gumi, amma wuƙa ba ta jin nauyinta. A 1965 Stephanie Kwolek, masaniyar kimiyyar sinadarai a kamfanin DuPont na Amurka, tana neman zare mara nauyi don ƙarfafa tayar mota, ta gano sinadarin da aka fara sayarwa a farkon shekarun 1970 da sunan Kevlar. Idan aka gwada su nauyi da nauyi, ya ninka ƙarfe ƙarfi kusan sau 5, kuma ba ya narkewa a wuta, sai dai hasken rana da ruwan bilic suna raunana shi. Kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da wani zaren mai suna Dyneema, wanda rashin nauyinsa ya sa yake yawo a kan ruwa. Yana jure yanka ƙwarai, amma yana narkewa a zafin kusan digiri 150. Wasu masaƙun kuma suna naɗe siririyar wayar ƙarfe ko zaren gilashi a cikin zare mai laushi.

Kaurin safa ya dogara ga yawan allurai a kowane inci na injin. Mai allura 7 tana da kauri, ta dace da ɗaukar kaya, mai 13 ko 15 ko 18 kuwa ta dace da aikin da ke bukatar tsinto ƙananan kusoshi. Bayan saƙa sai a sa safar a jikin gunkin hannu a tsoma tafinta cikin ruwan roba, a gasa ta bushe. Robar itace tana riƙe busasshen abu da kyau, ta naitiril kuma tana jure mai. Ana barin bayan hannu ba shafe domin iska ta shiga.

Ma'aunin Inganci

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A 1994 ƙasashen Turai suka kafa ma'aunin EN 388, aka sabunta shi a 2003 da 2016. Lambobi huɗu da ake bugawa a bayan safa suna nuna juriyarta ga gogayya (1 zuwa 4), yanka (1 zuwa 5), yagewa (1 zuwa 4) da huda (1 zuwa 4). Da aka lura cewa sababbin zaruruwa suna dakushe rezar gwaji har sakamako ya ruɗar, sai gyaran 2016 ya ƙara wani gwajin yanka mai haruffa daga A zuwa F, inda F ta fi kowace juriya.

Kammalawa

An ga yadda ƙawanyar zare ta ba safa damar bin siffar hannu, injin Lee da na Lamb suka kawo sauri, injin Shima ya kawar da ɗinki, zaren Kwolek ya kawo juriyar yanka. Duk da haka, har yau babu safar da ta dace da kowane aiki. Mai walda yana nan da safarsa ta fata, domin tartsatsi yana cin zare. Saƙaƙƙiyar safa, komai juriyarta ga yanka, ba ta hana tsinin allura ratsawa ta tsakanin ƙawanyoyi. Haɗarin da Shima ya gani kuma bai gushe ba, shi ya sa ƙa'idar aiki ta hana sa safa kusa da inji mai juyawa, ko na huda ƙarfe ne ko na niƙa. Saboda haka maigidan da zai saya wa yaransa safa, ya fara duba irin aikin da za su yi, sannan ya juya bayan safar ya karanta lambobin da ke jikinta.