Maƙeran Gilashi da Tarihin Fallen Haske

A shekarar 1903 Richard Zsigmondy da Henry Siedentopf suka bayyana wata na'ura da suka haɗa a birnin Jena na Jamus. Maimakon su haska abin dubawa daga ƙasa yadda aka saba da madubin likita, sai suka shigo da haske ta gefe, falle guda siriri, suka leƙa ta sama. Da haka suka ga ƙyallin ƙwayoyin zinariya cikin jan gilashi, aikin da ya kai Zsigmondy ga kyautar Nobel ta 1925. Ba banza abin ya faru a Jena ba. A nan Carl Zeiss ya buɗe shagonsa a 1846, a nan Ernst Abbe ya fitar da lissafin da ya raba ƙirar gilashi da dogaro da sa'a, a nan kuma Otto Schott ya riƙa narka sababbin nau'o'in gilashi daga 1884. Siedentopf kansa ma'aikacin Zeiss ne. A ganina, tun daga lokacin, maƙerin gilashi ne ke shata wa wannan fasaha iyaka.

Dalilin yana cikin lissafin Abbe. Gilashin bakin madubi, wanda ke fuskantar abin dubawa, yana rarrabe ƙananan abubuwa ne gwargwadon faɗin kusurwar hasken da ya iya tattarowa. Mai tattara da yawa kuwa sai ya yi ƙiba, ya kuma matso kusa ƙwarai. Madubi mai gilashin baki ɗaya bai damu da wannan ba. Amma fallen haske yana son biyu, ɗaya na haskawa, ɗaya na kallo, suna haɗuwa a kusurwa kan ɗigo guda, kuma jikkunansu sukan yi karo kafin su isa wurin. Dole mai bincike ya haƙura da ƙaramin gilashi, hoto ya rage kyau.

Wani zai ce ai leza da kyamara da kwamfuta ne suka farfaɗo da fasahar, tare da furotin mai ƙyalli da ake sa wa ƙwayoyin halitta. Akwai gaskiya a nan. Sa'ad da Jan Huisken da Ernst Stelzer suka nuna hotunan 'ya'yan kifi da na ƙuda masu rai a Heidelberg a 2004, waɗannan kayan ne suka ba su dama. Sai dai kyamara ba ta ɗaukar hasken da gilashi bai kawo mata ba, kuma abin da ya biyo baya ya nuna inda cikas ɗin yake. Da Eric Betzig da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Janelia da ke Amurka suka so kallon cikin ƙwayar halitta guda a 2014, sai da kamfanin Special Optics ya ƙera musu gilashin haskawa mai tsinin baki, wanda zai zauna cikin ruwa kusa da gilashin kallo na kamfanin Nikon ba tare da sun gogi juna ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin hanyar da Chris Dunsby ya buɗe a Landan a 2008. Ya sa gilashi ɗaya ya yi haskawa da kallo, fallen na fitowa a karkace, wasu gilasai biyu a baya suna miƙar da hoton. Karo ya ƙare a gaban abin dubawa, amma ya koma baya, domin gilashi na uku da ke zaune a karkace yana zubar da haske mai yawa. Fiye da shekara goma ana fama da wannan asara, duk da kyamarori na ta inganta. A 2019 Alfred Millett-Sikking da Andrew York na kamfanin Calico suka tsara gilashi mai dogon hanci na zallar gilashi, an sare bakinsa don ya shiga daidai inda hoton ke haɗuwa, ya kama kusan duk hasken. Daga nan aka samu damar duba ƙwayoyin halitta a kan farantan da ɗakunan bincike suka saba amfani da su, hoton kuma bai rasa kaifinsa ba.